Wanki Bakwai, Ɗaya da Ƙasa

Alor Setar,
Ranar Asabar.

Zuwa ga Tuan Haji Shahrom bin Ishak, mai filin harbin fenti na Pendang.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da uwargidanka Hajiya Norlia. Yaya gwiwar nan ta hagu? An gaya mini har yanzu kana hawa tsani da kanka don ɗaura ragar fili. Ka bari, girma ya zo.

Ni ne Dato' Paduka Haji Megat Sulong, Shugaban Majalisar Ƙoli ta Maharba Fenti na Jihohin Arewa. Ba ka san ni ba, domin ni mutum ne mai yawan tafiye-tafiye. Kada kuma ka yi mamakin ganin takardar babban ofis irin nawa da rubutun ajami a kan fallen littafi. Sakatariyata ta tafi haihuwa, injin bugawar kuwa ita kaɗai yake jin maganarta.

Dalilin rubutuna shi ne wani saurayi da ya faɗo mini ofis jiya, siriri mai faffaɗan kunne, wai shi Izwan, ɗan ƙanwarka da ka riƙe tun yana shekara huɗu. Ya ce ka kore shi daga gida, ka toshe lambarsa, ka kuma ce ko inuwarsa kada ka gani a bakin fili. Na tambaye shi abin da ya yi. Da na ji, ni ma na so in kore shi, sai dai ya riga ya zauna.

Tuan Haji, ni da kai mun san yadda ake riƙe gasa a wannan zamani. Kuɗin shiga da ƙungiyoyi ke biya, kafin a sallami alƙalan wasa, a karɓo izinin 'yan sanda, a ajiye motar asibiti a bakin ƙofa, ya tafi. Manyan kamfanonin lemo da na waya da ke rububin kafa tuta a filayenmu a da, duk sun koma wajen yaran da ke yaƙi a cikin waya, inda ba rana ba taɓo. Abin da ya riƙe gasarka ta Kofin Girbi shekara goma sha huɗu doka ɗaya ce: ba mai shigowa da harsashinsa, kowa a rumfar Madam Teoh, 'yar Sin ɗin nan, yake saya. Ita ke kawo buhunan iskar da ake ɓuya bayansu, ita ke sa kyautar waɗanda suka ci, ta mayar da abinta daga kwalayen harsashi masu hoton kada. Yaron ya san wannan sarai. A cikinsa ya girma. Shi ya sa na ce masa ba shi da uzurin jahilci.

Ga yadda ya ce abin ya faru. Ranar Lahadi suna atisaye, aka harbi abokinsa Badrul a takunkumi, fentin ya bi ta ramukan numfashi ya cika masa baki. Ka san Badrul, mutumin da ko alwala sai ya maimaita sau uku don kokwanto. Ya fito yana tofe-tofe yana cewa, "Wai da me ake yin ɓawon abin nan ne? Yana narkewa a harshe kamar alewa." Wani ya ce masa da danƙon da ake dafawa daga fata da ƙashin dabba ne. Badrul ya ce, "Wace dabba?" A nan shaiɗan ya taɓa ɗan naka.

Ya zaga bayan rumfar da ake cika wa bindigogi gas da wayar wani, ya shaƙe murya irin ta tsofaffin malaman tsangayar da ka kai shi a Baling, da tarinsu da jan numfashinsu, ya ɗauki saƙo na minti biyu. Ya fara da basmala da salati. Ya ce ya samu tabbaci ɓawon harsashi mai hoton kada da danƙon alade ake yin sa, don haka duk wanda ya taɓa jikinsa ko tufafinsa sai ya yi wanki bakwai, ɗaya da ƙasa. Ya tura wa Badrul. Sannan ya laɓe yana kallon ƙaton mutum durƙushe a bakin famfo yana kurkure baki da laka, yana wanke bindiga da ita, har da safa. Ya ce ya yi dariya har sai da cikinsa ya ƙulle. Ya ce niyyarsa ya gaya masa gaskiya bayan la'asar.

Kafin la'asar Badrul ya tura wa mahaifiyarsa, ita kuma ta tura wa matan da suke karatu tare. Sauran ka fi ni sani. Daga ƙungiya ashirin da huɗu saura tara, gasa kuma saura mako biyar. Madam Teoh ta aiko da mota ta kwashe buhunan iskarta. Yaron ya ce da ya faɗa maka shi ne, ba ka ɗaga murya ba, ba ka ɗaga hannu ba. Kallonsa ka yi, ka ce, "Da karatun da na kai ka ka yi?" Sannan ka ce ya ɗauki takalmansa. Ya ce da dukansa ka yi da ya fi masa sauƙi.

A matsayina na babba, ina roƙonka ka buɗe lambarsa. Ba don ya cancanta ba. Yana kwana a kan benci a shagon gyaran babur na Ah Seng, sauro ya mayar da shi abinci, kuma na lura da idona ya rame.

Ka gaishe mini da Hajiya. An ce ba mai dafa taliyar laksa kamarta a duk jihar Kedah.

Wassalam,
Dato' Paduka Haji Megat Sulong.

Alor Setar,
Ranar Alhamis.

Zuwa ga Tuan Haji Shahrom.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyarka da ta Hajiya da ta kyanwar nan mai gutsuren wutsiya, wadda aka ce ta kusa haihuwa. Allah Ya sa ruwan shekaranjiya bai kwanta a kusurwar fili ta gabas ba. In ya kwanta, magudanar ce ta toshe, a ƙarƙashin tsohuwar taya take.

Kwana biyar ban ga amsarka ba. Ban saba a yi mini haka ba, amma na yafe.

Na umarci yaron ya gyara ɓarnarsa, ga abin da ya yi. Ya ɗauki sabon saƙo da muryarsa ta gaskiya, ya ce shi ne ya yi na farko, ƙarya ce, wasa ne. Tuan Haji, wancan na ƙarya har Johor can ƙarshen kudu ya je, har an ɗora masa hoton wani tsoho mai rawani da ba wanda ya san ko waye. Wannan na gaskiya kuwa mutum arba'in suka saurara. Ɗaya ya rubuto, "Nawa 'yar Sin ɗin ta biya ka?" Wani ya ce, "Ka ji ɗan iska, yana ƙaryata malami." Yaron ya ce bai taɓa sanin mutum zai iya rantsuwa cewa shi maƙaryaci ne a ƙi yarda da shi ba.

Ya je wajen Badrul a kantin da yake aiki. Badrul bai ko ɗago kai daga sikeli ba. Ya ce, "A'a, Malam ne da kansa? Sannu da zuwa, Malam. Yau da me za mu wanke bakin, da siminti?" Yaron ya ce ya yi ƙoƙarin dariya, ta ƙi fitowa. Badrul ya ce, "Uwata ta ƙone rigunan wasana guda uku a bayan gida tana kuka, wai shekara shida ina shiga mata ɗaki da najasa. Je ka yi mata muryar, ka ga ko za ta yi dariya." Ya je. Tsohuwar ta saurare shi tsaf, ta ba shi shayi, sannan ta tambaye shi sunan malaminsa na tsangaya. Ya ce ya gwammace ƙasa ta tsage da ya ambaci sunan bawan Allahn nan a wannan zama.

Sai kuma ya shiga neman wanda zai maye gurbin Madam Teoh, wai ko ya zo maka da albishir. Mai shagon taya ya ce zai ba da taya biyu, a rubuta sunansa da manyan baƙaƙe. Mai soya ayaba a bakin kasuwa ta ce ita tutarta ita ce ƙamshi. Wani mai sayar da lemon ƙarfi ya tambaye shi mutum nawa ke kallon gasar a waya, da ya faɗa masa sai ya ce, "Ɗan ƙanena yana wasa a ɗakinsa da gajeren wando, ya fi ku 'yan kallo." Akwai wani ɗan kasuwa a Penang da ya ce zai kawo harsashi mai araha, amma shi ba ya sa kyauta, ba shi da buhunan iska, kuma a biya shi tun kaya ba su taso ba. A nan yaron ya gane abin da matar nan take yi muku shekara da shekaru ba ciniki ba ne kawai.

Za ka tambaya ko ya je wajenta. Ya je Sungai Petani, inda sitonta yake, sau uku. Ya ce sau ukun nan yana kaiwa daidai ƙofar sito sai babur ɗin ya ƙi tsayawa. Na ce masa ban taɓa jin babur mai kunya ba. Ya sunkuyar da kai.

Don haka ga shawarata. Kai ka je mata. Kun san juna tun tana sayar da kaya a bayan mota. Ka ce mata Dato' yana gaisuwa, kuma Dato' ya tsaya wa yaron, ya hore shi horo mai tsanani. Magana tsakanin manya ta fi sauri. Shi yaro me zai ce mata? Bakinsa ne ya jawo wannan duka, gara a bar shi a rufe.

Ina jiran amsa ta hannun Ah Seng mai gyaran babur, shi ne wakilina a yankinku.

Wassalam,
Dato' Paduka Haji Megat Sulong.

Pendang,
Ranar Talata.

Zuwa ga Tuan Haji Shahrom.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar girmamawa, ina fata kana lafiya, da gwiwa, da mutanen gida.

Amsarka ta iso ranar Asabar. Hajiya ce ta kawo da kanta shagon Ah Seng, da kwanon laksa a ɗaure cikin ɗankwali. Ta tsaya a kan yaron yana kwance a benci, ta ce, "Kai, tashi, ina Dato'? An ce nan ne ofishinsa." Ah Seng ya saki sifana yana dariya har da tari. Ta ce, "In ya dawo ka ce masa ya ci da zafinsa, kuma ya yi wanka, warin Dato' har titi."

Takardar taka layi huɗu ce, na haddace ta. Ka ce kana godiya da kulawar mai girma Dato'. Ka ce ka kira Madam Teoh, ta ce ba ta da magana da kai, ba ta da magana da kowane babba, mai muryar take son gani. Ka ce tunda Dato' ya tsaya wa yaron, to ya taimaka ya riƙe masa babur ɗin a ƙofar sito ranar Litinin da ƙarfe goma, kada ya sake wucewa.

Babur ya tsaya.

Ka san sanyin siton nan, yadda take barin na'ura a kunne dare da rana don kada harsashi ya kumbura. To kwalaye ne har rufi, kayan gasarka duka, waɗanda ta yi oda tun watan azumi. Abin da ba ya ajiyuwa. In ya wuce 'yan watanni sai ya lotse, ya riƙa fashewa a cikin bindiga. Tana zaune a tsakiyarsu tana ɓare 'ya'yan kankana, tabarau a kan hanci. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Kai ne malamin? Na zaci zan ga gemu har cibiya. Wannan haɓar ko reza ba ta san ta ba." Ya fara ba da haƙuri, ta ɗaga hannu. Ta kira ma'aikatanta su shida suka jeru. Ta ce, "An ce ka iya. Yi mana. Daga farko, har da tarin."

Ya yi, Tuan Haji. Ya tsaya a gaban mutum bakwai ya shaƙe murya ya yi basmala, ya yi tari, ya faɗi ƙaryar tun daga kai har wutsiya. Tun yana yaro in ya kwaikwayi mutum sai an riƙe ciki. Wannan karon ƙarar na'urar sanyi kawai ake ji.

Wadda ta fara magana Kak Rohaya ce, mai kula da sito, wadda ke zama a rumfar harsashi duk shekara tana ba yara alewa. Ta ce, "Izwan, mako biyu ke nan surukata ta ware mini kofi da faranti. 'Yata ta dawo daga makaranta tana tambayata wai da gaske aikin alade nake yi." Ta jawo kwali ɗaya ta juya gefensa, ta sa yatsa a kan wani tambari da rubutu a ƙasansa. Ta ce, "Karanta." Ya tsaya yana haɗa baƙaƙen boko ɗaya bayan ɗaya kamar ɗan shekara shida, har ta gaji ta karanta masa. Danƙon shanu ne, yankan Musulmi, da takardar shaida. Ta ce ita ce ta matsa wa Madam tun shekara tara da suka wuce a koma wannan, ko da ya fi tsada, Madam kuma ba ta ƙara muku ko sisi a kan kwali ba. Ya ce to me ya sa ba a taɓa faɗa ba? Madam Teoh ta ce, "Ga shi a jikin kowane kwali. Kun taɓa karanta kwali? Yagawa kuke yi ku jefar, ni in bi ina tsincewa."

Kwali nawa yaron nan ya yaga da hannunsa a filinka? Ya zauna a kansu, ya ci abinci a kansu, ya yi barcin rana a kansu.

Ga hukuncinta, ta ce a kawo maka yadda ta faɗa. Buhunan iska za su dawo. Rumfar harsashi za ta buɗe. Kyautar kuɗi babu bana, sai kofi kawai. Yaron zai ɗauki kwali ɗaya da kwafin takardar shaida ya bi shugabannin ƙungiyoyi goma sha biyar da suka janye, gida gida, ba ta waya ba, ya yi musu muryar a gabansu sannan ya yi musu tasa. In an kai ƙungiya goma sha shida kafin ƙarshen wata, za a yi gasa.

Yaron ya fara godiya, har ya ji wani sanyi a ransa. Sai ta cire tabarau ta ce, "Tsaya, ban gama ba. Bana zan zo don Haji, don bai taɓa yi mini ƙarya ba, kuma don kayan nan kada su ruɓe a kaina. Baɗi ku nemi wani. Shekara goma sha huɗu ina cin shinkafa da ku a rumfa ɗaya, minti biyu suka isa ku yarda zan ɗura muku alade a baki. Ba kai kaɗai ba ne, yaro. Kai dai ka fara." Ta mayar da tabaranta, ta ce wa Kak Rohaya ta ba shi kwalin.

Wannan ne abin da na kasa ɗauka in kawo maka da baki. Na zauna da alƙalami tun jiya ina neman yadda babban mutum zai faɗe shi ya yi daɗin ji, babu. Gasar bana wataƙila ta tsira. Ta baɗi kuwa ba ta da uwa, kuma ni na yi mata haka.

Ni, Izwan, ya kawuna Pak Long. Ba wani Dato', ba Majalisar Ƙoli, ban taɓa taka wani ofis a Alor Setar ba. Na san ka gane tun layin farko, kai ka riƙe hannuna na koyi jan waɗannan baƙaƙen. Amma ka gane daban, in faɗa da bakina daban. Na ɓata maka abin da ka gina da aron muryar babba, sannan na zo neman gafara da aron sunan wani babban. Sai da na tsaya a siton nan na ga abu ɗaya na yi sau biyu.

Ban roƙi ka buɗe lambata ba, ban roƙi ɗakina ba, kuma na san ba zan riƙe bindiga a gasar nan ba. Littafinka mai baƙin bango nake roƙo, wanda adireshin shugabannin ƙungiyoyi ke ciki, don bakwai kaɗai na san gidajensu. Ka ba Mak Long, Hajiyarmu, ta ajiye mini a kan katanga in ba ka son ganina. Gobe da safe zan fara da na Jitra. Badrul ya ce shi zai kai ni, wai ba don ni ba, yana so ne ya zauna a gaba ya kalli fuskata sau goma sha biyar.

Ka gaishe mini da Mak Long, ka ce mata na wanke kwanon. Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya huci zuciyarka a lokacin da Ya so.

Wassalam. Ɗanka mai kunyar haɗa ido da kai,
Izwan bin Zakaria.